Launin fentin mota: Abin da mai saye a Birnin Kebbi da Argungu ya kamata ya sani

Launi shi ne abu na farko da ido ke gani a jikin mota, amma sau da yawa shi ne na ƙarshe da mai saye ke yi wa lissafi. Akan shafe kwanaki ana binciken lafiyar inji da shan mai da takardun kwastam da samuwar kayan gyara, sa'annan a bar zancen launi ga sha'awar zuciya ko ga abin da dillali ya gabatar. A yanki irin kwarin Gulbin Rima kuwa, inda Birnin Kebbi da Argungu suke, launi yana da hannu a abubuwa biyar da suka shafi aljihu da lafiya: zafin cikin mota, yawan wanki da goga, ganin motar a kan hanya, wahalar gyara bayan ɗan karo, da kuma farashin da za ta yi ranar da aka mayar da ita kasuwa.

Bayanin da ke tafe ya shafi motar da aka ɗauko dal daga kamfani, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna ko a masana'antar Innoson da ke Nnewi, ya kuma shafi wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje, wadda jama'a ke kira tokumbo ko Beljiyam, tunda ita ce sabuwar mota a wurin mafi yawan 'yan kasuwa da ma'aikata. Gundarin maganar shi ne, a ƙasar da rana ke da ƙarfi kuma ƙura ba ta yankewa, launi mai haske kuma na gama-gari ya fi sauƙin riƙo, sai dai nau'in fentin da wurin da motar ke wuni suna iya rage wannan riba ko su ƙara ta.

Yadda ake fentin mota a masana'anta

Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da aikinsa. Da farko ana tsoma gangar jikin motar baki ɗaya a cikin wani ruwan fenti, a saka lantarki ya manna shi a kowane lungu na ƙarfen. Wannan shafe shi ne ke tsare ƙarfe daga tsatsa. Daga nan sai shafen tushe, wanda ke daidaita fuskar ƙarfe ya kuma rage ɓarnar tsakuwa. Na uku shi ne shafen launi, wanda ido ke gani. Na ƙarshe shi ne shafen ƙyalli, wanda ba shi da launi ko kaɗan, kamar gilashi yake, kuma shi ke tare rana da ƙura da ruwa. Ana gasa waɗannan shafe-shafe da zafin da ya haura digiri 130 a ma'aunin Selsiyos tun kafin a ɗora inji da kujeru da robobi, abin da ba zai yiwu a gareji ba.

Duk kaurin waɗannan hawa huɗu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafen ƙyalli shi kaɗai yakan tsaya tsakanin maikiron 35 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashi ba. A kan wannan siririyar fata ce ƙarkon fenti ya rataya. Idan ta mutu, sai rufin mota da bonet su fara yin fari-fari kamar ƙyasbi, daga baya su dinga saɓulewa, kuma babu man gogen da zai dawo da su sai an sake fenti.

Yawan launukan da ake gani a yau ba daɗaɗɗen abu ba ne. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford na Amurka baƙin fenti kaɗai yake yi wa motarsa Model T, saboda araha da ƙarkonsa. A 1924 motocin Oakland na kamfanin General Motors suka fito da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ya rage lokacin bushewa ƙwarai, ya buɗe ƙofar shuɗi da sauran launuka. Tsarin raba shafen launi da shafen ƙyalli kuwa ya yaɗu ne a shekarun 1980.

Abin da yanayin kwarin Rima ke yi wa fenti

Abokin gaba na farko shi ne rana. Birnin Kebbi tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana dukan rufin mota kusan kai tsaye a mafi yawan shekara. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin iska yakan haura digiri 40. Ɓarnar rana iri biyu ce. Akwai wani sashe na haskenta da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, da ke kakkarya sinadaran fenti sannu a hankali. Akwai kuma zafi, wanda ke hanzarta wannan ɓarna. Mota mai duhun launi tana haɗiye mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, ta mayar da shi zafi, shi ya sa shafen ƙyallinta ke rayuwa cikin matsi fiye da na mai haske.

An auna wannan bambanci. A wani gwaji da cibiyar binciken Lawrence Berkeley ta Amurka ta wallafa a 2011, an ajiye Honda Civic guda biyu iri ɗaya a rana a birnin Sacramento, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa. Baƙar tana mayar da kashi 5 cikin 100 na hasken rana, mai ruwan azurfa kuwa kashi 58. Rufin mai ruwan azurfa ya kai ga fin na baƙar sanyi da digiri 25, iskar cikinta kuma ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6. Masu binciken sun lissafa cewa na'urar sanyaya mota da ta gaza ta baƙar ƙarfi da kashi 13 cikin 100 za ta wadatar da mai ruwan azurfa. Ga ma'aikacin da motarsa ke wuni a fili a harabar sakatariya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, wannan bambanci yana komawa kan man fetur da kuma tsawon ran na'urar sanyayawa.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a kan komai. Launinta fari-fari ne mai sirkin toka. Ban da ita akwai jar ƙurar hanyoyin burji na unguwanni da ƙauyuka. Ƙura tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi shafen ƙyalli tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka share ta da busasshen tsumma, ana yi wa fenti dubban ƙananan karce ne, waɗanda ke bayyana a rana kamar saƙar gizo.

Na uku shi ne damina. Daga Yuni zuwa Satumba motar da ke shiga fadamun shinkafa na Argungu da kewaye tana kwaso laka mai danƙo, wadda ke maƙalewa a ƙarƙashin mota da saman tayoyi ta riƙe laima kwana da kwanaki. Nan tsatsa ke farawa, ko da launin motar wane iri ne. Ƙwarin da ke fashewa a goshin mota cikin tafiyar dare, da kashin tsuntsaye da na jemagu, da abin da ke zubowa daga itatuwan dogon yaro da mangwaro, duk suna cin shafen ƙyalli idan aka bari rana ta gasa su a kansa.

Launuka ɗaya bayan ɗaya

Fari. Shi ya fi kowane launi mayar da hasken rana, kuma sinadarin da ake yinsa da shi ba ya kodewa da sauri. Ƙurar hunturu da ƙananan karce ba su cika nunawa a kansa ba. Rauninsa shi ne jar laka da ɗigon kwalta da baƙin ruwan da ke zubowa daga robobin ƙofa, waɗanda ke fitowa fili ƙarara. Idan aka daɗe ba a wanke jar ƙasa ba, takan bar ɗan jaja-jaja a ƙasan ƙofofi. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin fenti na Axalta sun nuna fari ne ke kan gaba a duniya tun daga 2011, inda yakan kai wajen sulusin sababbin motoci.

Ruwan azurfa. Shi ne gwanin ɓoye datti. Launinsa ya yi kusa da na ƙurar hunturu, yana ɓoye karce, kuma sanyinsa ya kusa kamo na fari. Mota mai wannan launi tana iya yin mako ba a wanke ta ba, ba tare da ta muzanta mai ita ba. Wahalarsa a wajen gyara take, kamar yadda bayani zai zo.

Ruwan zinare mai haske da ruwan ƙasa-ƙasa. Waɗannan su suka fi dacewa da mai bin hanyar burji, domin jar ƙura tana sajewa da su. Ba sa ɗaukar zafi sosai, kuma an saba ganinsu a kan Camry da Corolla da Accord.

Ruwan toka. Mai haskensa halinsa ɗaya da ruwan azurfa. Mai duhunsa kuwa ya fi karkata ga halin baƙi, yana ɗaukar zafi yana nuna ƙura, ko da yake bai kai baƙi tona karce ba.

Baƙi. Babu launin da ya kai shi kwarjini idan an wanke shi an goge, shi ya sa ayarin manya ya fi sonsa. Amma shi ya fi kowane launi tsadar riƙo. Motar da aka wanke da safe a lokacin hunturu takan koma ruwan toka kafin azahar. Kowane karce da kowane tabon ruwa yana nunawa. Yawan wanki yana jawo yawan karce, yawan karce yana jawo yawan goga, kowace goga da inji kuwa tana ɗebe wani abu daga shafen ƙyalli. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu da ruwan makuba suna biye da shi a wannan hali.

Ja. Sinadaran jan launi suna haɗiye sashen haske mafi ƙarfi, don haka suka yi suna wajen kodewa. A tsofaffin motocin da ba su da shafen ƙyalli, ja yakan koma ruwan hoda. Fentin zamani ya rage wannan matsala sosai, amma jar motar da ke wuni a rana shekara da shekaru rufinta da bonet sukan bambanta da ƙofofinta. Ruwan ɗorawa da ruwan goro suna da irin wannan rauni.

Nau'in fenti

Motoci biyu suna iya zama farare amma fentinsu ya sha bamban. Nau'i na farko shi ne launi tsantsa, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Shi ya fi araha da sauƙin haɗawa, kuma ƙaramin tabo ana iya rufe shi da ɗan burushi. Na biyu shi ne mai walƙiyar ƙarfe, wanda ake zuba masa ɓarɓashin alminiyom. Ruwan azurfa da ruwan zinare da mafi yawan ruwan toka daga wannan gida suke. Na uku shi ne mai sheƙin lu'ulu'u, wanda ake sa wa ɓarɓashin wani ma'adini mai ɗaukar ido. Farin lu'ulu'u yawanci hawa uku ake fesa shi, farin ƙasa da shafen lu'ulu'u da shafen ƙyalli, don haka gyaransa ya fi tsada kuma dacewa da asalinsa ya fi wuya. Na huɗu shi ne fenti marar ƙyalli, wanda ba a iya goge shi, domin goga tana sa wurin ya yi sheƙi ya bambanta da sauran jiki. Wannan bai dace da ƙasar ƙura ba.

Launi mai haske ba ya hana aibin masana'anta. A 2019 kamfanin Toyota ya sanar da shirin sake fenti kyauta a Amurka ga wasu motocin Camry da Corolla da RAV4 da Avalon da makamantansu, ƙirar 2008 da shekarun da suka biyo baya, masu farin fenti mai lamba 040 da 070, saboda fentin yana ɓarewa daga jikin ƙarfe bayan daɗewa a rana. Tunda irin waɗannan motoci suna shigowa Nijeriya da yawa, ya dace mai sayen farar tokumbo ya duba rufi da gefen gilashi da kyau ko akwai alamar ɓarewa.

Ganin mota a kan hanya

Launi yana da alaƙa da haɗari. Cibiyar binciken haɗura ta Jami'ar Monash da ke Ostireliya ta fitar da nazari a 2007 a kan haɗura sama da 850,000 a jihohi biyu na ƙasar. Ta gano cewa da rana tsaka baƙar mota ta fi fara shiga haɗari da kashi 12 cikin 100, ruwan toka da kashi 11, ruwan azurfa da kashi 10, shuɗiya da ja kuma da kashi 7. Da asuba da almuru bambancin baƙa da fara ya kai kashi 47.

Wannan yana da muhimmanci ga masu zirga-zirga a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ko Jega ko Kamba. Ruwan azurfa da ruwan toka da ke ɓoye ƙura su ne kuma ke sajewa da hazon hunturu da launin kwalta. Duk wanda ya zaɓe su, kunna fitilun gaba a lokacin hazo da ruwan sama da almuru ya zama wajibi a kansa. Launi dai ba ya maye gurbin lafiyayyen birki da taya da tuƙin natsuwa.

Lambar launi da gyaran gareji

A garin da babura da Keke Napep ke cakuɗe da motoci, kamar yadda ake gani a unguwar Nasarawa da kewayen babbar kasuwar Birnin Kebbi, da wuya mota ta shekara ba a goge ta ba. Saboda haka sauƙin gyara yana cikin lissafin zaɓen launi.

Kowace mota tana da lambar launinta. A motocin Toyota tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Lamba 040 farin tsantsa ne, 070 farin lu'ulu'u, 1F7 ruwan azurfa, 202 kuma baƙi. Honda ma a ginshiƙin ƙofa take sa tata, fari da baƙi da toka suna farawa da haruffan NH. Da wannan lamba mai haɗa fenti ke aiki. Haɗawa da ido kaɗai ita ke haifar da mota mai ƙofa ɗaya daban.

Ko da lamba a hannu, fentin da ya sha rana shekara biyar ba zai zama ɗaya da sabo ba. A fenti mai walƙiyar ƙarfe, yadda ɓarɓashin alminiyom ya kwanta ya danganta da ƙarfin iskar bindigar feshi da nisan hannu da yanayin zafi, don haka ƙofar da aka fesa tana iya dacewa idan an kalle ta gaba da gaba, ta kuma yi duhu idan an kalle ta a kaikaice. Ƙwararren mai fenti yakan shigar da sabon launi kaɗan-kaɗan cikin ɓangarorin da ke maƙwabtaka don ido ya kasa gane iyaka, wannan kuwa ƙarin kuɗi ne. Farin tsantsa da baƙin tsantsa sun fi kowane launi sauƙin dacewa.

Wurin feshi ma abin dubawa ne. Fentin da aka fesa a fili cikin hunturu yana kama ƙura tun bai bushe ba. Rufaffen ɗakin gashi, wanda masu sana'ar ke kira oben, ya fi tsada amma aikinsa ya fi tsafta da ƙarko. Hausawa sun ce araha ba ta ado: shafen ƙyalli mai arha yakan mutu cikin shekara ɗaya ko biyu a irin wannan rana.

Binciken fentin tokumbo

A duba mota da rana, a bushe, kuma bayan an wanke ta. Jiƙaƙƙiyar mota da hasken yamma suna ɓoye aibi. A tsaya a kusurwa a kalli gefenta a tsaye, domin bambancin launi tsakanin ƙofa da ƙofa da lanƙwasar ƙarfe a nan suke fitowa. A ɗaga robobin ƙofa da na gilashi, a leƙa cikin bonet da but, a gwada launin da na waje. Ɓurɓushin fenti a kan roba ko fitila alama ce ta an sake feshi. Maganaɗisu yana kama lafiyayyen ƙarfe da ƙarfi, amma yana sakin wurin da aka cike da foti mai kauri, sai dai ba ya aiki a kan bamba ta roba ko bonet na alminiyom. Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, kuma wurin da ta nuna ninki biyu ko uku na sauran jiki an taɓa shi. A kuma leƙa ƙarƙashin motar, domin waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sukan zo da tsatsa a ciki alhali samansu na sheƙi.

Abin da doka ta ce

Launin mota yana rubuce a takardun rajistarta. Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun tanadi cewa mai son sauya launi ya nemi amincewar hukumar da ke yi wa motoci rajista, a kuma gyara takardun. Motar da launinta ya saɓa wa takardunta tana jawo wa mai ita tuhuma a wurin 'yan sanda da jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, domin sauya launi yana cikin dabarun ɓarayin mota. Akwai kuma dokar 1977 da ta haramta wa farar hula yi wa mota fentin koren soja. Wasu launuka kuwa an san su da motocin haya a wasu garuruwa, kamar ruwan ɗorawa a Legas da kore a Abuja, abin da ya kamata mai yawan tafiya can ya lura da shi. Mai tunanin sa baƙin gilashi don rage zafi ya tuna cewa dokar 1991 ta ɗaure shi da izinin rundunar 'yan sanda.

Kulawar da ke tsawaita ran fenti

Inuwa ita ce kan gaba. Rumfar kwano ko ta zana a gida da wurin aiki ta fi duk wani man goge amfani, kuma ta fi gindin itace tsafta. Rigar mota tana taimakawa idan an sa ta a kan wankakkiyar mota, amma a kan mai ƙura iska tana kaɗa ta ta dinga gurzar fenti. Mafi yawan zafin cikin mota ta gilashi yake shiga, don haka makarin rana a gilashin gaba da kujeru masu hasken launi suna rage shi ko da motar baƙa ce.

Wajen wanki, a fara zuba ruwa mai yawa ya tafi da ƙura kafin hannu ya taɓa jiki. A yi amfani da sabulun wankin mota da lallausan tsumma, a fara daga rufi a gangaro, a ware tsumman taya daban. Garin sabulun wankin tufafi yana cire man kariya yana kuma busar da robobi. A yi wanki da safe ko da yamma a cikin inuwa, a tsane ruwan nan take, domin ruwan rijiya da na burtsatse yakan bar tabo idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi, musamman a launi mai duhu. Kashin tsuntsu da gawar ƙwari a jiƙa su a ɗauke a ranar, ba tare da kankarewa ba. Bayan tafiyar fadama a wanke ƙarƙashin mota. Mai ɗaukar takin zamani ko gishiri a bayan a-kori-kura ya shimfiɗa tamfol ya kuma wanke wurin bayan sauke kaya, domin dukansu suna cin ƙarfe.

Shafa man kariya sau uku ko huɗu a shekara, musamman gab da hunturu da gab da damina, yana sa ƙura da laka su sauka da sauƙi. Akwai kuma shafen siramik da siririyar ledar kariya da ake yi a manyan birane. Na farko yana sauƙaƙa wanki amma ba ya hana karcen babur, ta biyu kuma tana tare tsakuwa a goshin mota. Duk inda tsakuwa ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a rufe shi kafin ruwan sama ya sauka.

Wane launi ga wane mai saye

Mota dukiya ce da ake iya sayarwa ranar buƙata, kuma launin da mutane da yawa za su karɓa ya fi saurin samun mai saye. Fari da ruwan azurfa da ruwan toka da baƙi ba su cika kwantai ba, yayin da launi mai ƙara yake jiran mai sha'awarsa. Mai saye na biyu kuma yana tambayar ko fentin na asali ne, don haka launin da zai kai shekaru bai buƙaci sabon feshi ba yana riƙe wa mota daraja.

Ma'aikacin da motarsa ke wuni a rana, farin tsantsa ko ruwan azurfa ya fi masa. Ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye a kan hanyar burji, ruwan zinare mai haske ko ruwan azurfa zai rage masa kuɗin wanki. Mai yawan tafiyar asuba da almuru, fari ya fi masa aminci. Mai zirga-zirga cikin cunkoson gari, launi tsantsa zai sauƙaƙa masa gyara. Baƙi da sauran launuka masu duhu kuwa sun dace da wanda yake da rumfa a gida da ofis, da wadataccen ruwa, da mai wankin da ya san aikinsa. Wanda ba shi da waɗannan ukun, ya lissafa kuɗin wanki da goga da sabon fentin rufi da bonet, ya ɗora su a kan farashin motar kafin ya biya.